Wayar da Ke Bin Hellen

Lambar ta sake fitowa a fuskar kwamfuta, daidai lokacin da Hellen ta ajiye jakarta.

Ta gama karatun kwamfuta ba tare da ta taɓa haɗa komai da hannunta ba. Da ƙyar Oga Gershon, mai kula da intanet ɗin wata makaranta a Kafanchan, ya yarda ya koya mata aiki. Darasinsa na farko: kowace na'ura da lambarta, kuma duk wadda ta hau layin ofis sai an gan ta.

Wannan lambar Hellen ta san ta. Ta tsohuwar wayarta ce, wadda ta ɗora a layin a makon farko. Da ta sayi sabuwa ta so sayar da tsohuwar, Mama ta hana: "Masu tare hanya waya suke fara ƙwacewa. Mai hankali biyu yake riƙewa." Hellen ta yi dariya. Washegari wayar ta ɓace, Hellen ta ɗauka a motar Manchok da take hawa zuwa gida aka zare ta.

Yanzu ga ta nan. Hellen ta shigo, lambar ta fito. Ta tashi aiki, lambar ta ɓace. Ke nan ɓarawon yana biye da ita kullum, har ƙofar ofis.

Ta riƙa canza mota. Ta daina hawa mashin ɗin da ta saba. Ba ta gaya wa Mama ba. Tsohuwar da har yau ita ke shirya mata jaka, wadda ba ta fita sai shagon caji da yamma, ina za ta iya jin wannan?

Oga ta gaya wa.

"Madam, ba kuka ba, aiki," ya ce. Ya miƙa mata ƙaramar kwamfuta. "In wayar tana kusa, alamar nan za ta cika. Je ki nemo shi."

Ta fita, jaka a kafaɗa. Alamar ta cika. Ta isa bakin get, a cike take. Ta waiwaya da sauri, babu kowa sai awaki.

"Yesu! Oga, yana nan!"

Oga ya fito, ya ga duk inda Hellen ta tsaya alamar a cike take, ya karɓi jakar ya zazzage. Kular abinci da laima kawai. Ya shafa ƙasanta, ya ji wani ɗinki, ya farke.

Ga wayar, cike da caji, naɗe cikin ɗankwalin zumuntar matan coci na Mama.