Bugun da Ya Yi Yawa

Kwana huɗu Khamisu yana fama da kwamfuta. Kiɗan gangar noman marigayi babansa yake rubutawa da haruffa, manhaja tana mayar da su alamomin kiɗa. Amma kowane layi sai ya zarce bakin shafi, jan gargaɗi ya fito: bugu ɗaya ya yi yawa.

Ya rage girman rubutu, a banza. Wani a intanet ya ce ya sauke sabuwar manhaja. Babu wuri a kwamfutar, sai ya goge sautin gangar da ya naɗa tun baban yana raye, ai ya riga ya kwafe shi a rubuce. Sabuwar ma ja ta nuna. Haushi ya kama shi, ya bi layi-layi yana datse bugu, ya adana. Shafi ya zauna tsaf.

Ya kunna wa Inna a tsakar gida. Ta girgiza kai.

"Wannan ba na babanku ba ne. Ina bugun miƙe ƙugu? Da shi 'yan gayya suke numfasawa. Duk ƙasar Kunci shi kaɗai ya san inda ake sa shi."

"Zan mayar, Inna. A ina yake?"

"Ni na sani? Kunna wanda ka naɗa mu ji."