Guntun da Aka Tsinta a Masussuka

Indo ta jefa kanumfari na uku a bakinta da goro ya rina, ta dubi layuka biyun da ke miƙewa a bakin kanal.

Ƙungiyar manoman rani ta garin ba ta san akwatin zaɓe ba. Layi ake ja, kowa ya ga inda maƙwabcinsa ya tsaya. Yau zaɓi biyu ne. Ko a kori Sammani mai kula da injin ban-ruwa, a ƙwace fegin da ƙungiya ta ba shi, ko a hana shan taba a gona da masussuka, a ɗora wa kowane kwalin sigari haraji har a mayar wa Badamasi asararsa.

Asarar kuwa ba ta wasa ba ce. Ranar Talata, maza na sallar azahar, tarin shinkafar Badamasi ya kama wuta, noman shekara ya koma toka. Indo, shugabar mata masu turara shinkafa, ita ta fara kurma ihu. Da wuta ta mutu aka tsinci guntun sigari a gefe. Kowa ya juya ya kalli Sammani. Bai je jam'i ba, ga leɓe baƙi ƙirin. Mutumin da ko goron ɗaurin aure aka miƙa masa sai ya ce shi dai a ba shi kara ɗaya.

Ya rantse yana can yana gyaran famfo. Wa ya gan shi? Babu. 'Ya'yansa shida, abincinsu duk a wannan fegin yake.

Aka yi ta miƙa guntun hannu zuwa hannu. Da ya iso gun Indo ta murje shi, ta wurga a ruwa. "Ƙazanta kuke shinshina, manya da ku?" Ba wanda ya yi mamaki. Tarin taba ne ya kai mijinta kushewa, shekara goma sha ɗaya ke nan.

Ita ta kawo shawarar dokar, ta kwana uku tana bi gida-gida. Mashaya suka turje.

"Iya, mutum ɗaya ya yi ɓarna, a ce gari ya biya?" in ji Mudassiru mai kanti.

"Kara ɗaya da ake ƙara wa naira goma, shi zai kashe ku?"

"Ke da ba kya sha, ina ruwanki da kara?"

"Wanda ya yi jinyar mashayi ya san kara, ya san kwali."

Yanzu ga shi an ƙirga. Sittin da ɗaya nan, sittin da ɗaya can. Saura Badamasi, yana tsaye a tsakiya, ido jawur, ƙafarsa ta fara karkata zuwa layin kora.

Indo ta ɗaga murya. "Badamasi! In ka kore shi, tokar za ta koma shinkafa? Kuma in ba shi ba ne fa, me za ka gaya wa Allah?"

Badamasi ya dubi ƙasa. Sannan ya ja ƙafa ya tsaya a bayanta.

Sammani ya zube gabanta. "Iya, da me zan saka miki?"

"Tashi. Ba don kai na yi ba."

Ta koma gida ta zuba buntun shinkafa a murhu. Hayaƙi ya turnuƙe tsakar gida kamar kullum, irin hayaƙin da ke haɗiye kowane wari. Ranar Talata ce kawai ba ta hura ba, shinkafar turarawa ta yanke mata, shi ya sa ta fita neman wurin laɓewa a masussuka.

Ta kwance lalitarta, ta zaro kwalin sigarinta, saura kara uku, ta cusa shi cikin wuta, tana gode wa Allah da cikin duk mazan nan ba wanda ya lura da jan goro a gindin guntun.