Allon Bara

Da direban ya shigo rumfar gwajin ido da aka kafa a tasha, ma'aikaciyar da ke sa hannu a takardun direbobi ta gane shi nan take. Mahaifinta ne, kuma bai san ita asibiti ya turo yau ba.

Abokin aikinta ya nuna masa kujera. "Baba, rufe ido ɗaya ka karanta allon can."

Ya karanto tiryan-tiryan, tun daga babban harafi har ƙananan ƙasa, kamar mai biya hadda. Ta sunkuyar da kai. An riga an canja allon, na bara yake karantowa.

"Ka gani? Ido garau," ya ce yana dariya. "Da shi nake jan bas shekara da shekaru, da shi na biya wa 'yata makaranta, dangi na cewa asara nake yi. Yanzu ita ma ma'aikaciyar ido ce, ba ta ɗaga wa kowa ƙafa."

Kunya ta rufe ta. Kullum tana duba idon bare, amma ba ta taɓa tambayar abin da ya sa yake laluben kofi a gida ba. In ta sa hannu a takardar lafiyar idonsa, gobe zai ɗebi fasinja. In ta ƙi, ta raba shi da sitiyarin da ya raine ta.

Ya juyo ya dube ta sosai, ga ta dab da shi.

"Yarinya, sa min hannu mana. Allah ya yi wa iyayenki albarka."

Ta ture takardar gefe, ta riƙo hannunsa.

"Amin, Baba. Tashi mu je gida."