Gawar da Octave Ya Sassaƙa

Soazig ta gaya wa Fada kada ya kuskura ya shigo mata gida da gicciyen nan na kakin zuma. A tsibirinsu, in teku ta ci mutum ta hana gawa, ɗan gicciyen ake yi wa jana'iza a madadinsa. Ita kuwa tun da jirgin kamun kifin mijinta Tangi ya fita bai dawo ba, ta kafe kai da fata yana raye. Mata har sun gaji da yi mata magana.

Sai ga labari daga masaukin baƙi. Wai Octave, ɗan Paris ɗin nan mai sassaƙa hoto a katako ya buga a takarda, yana can gaɓar ƙetare ranar da ruwa ya turo wata gawa, aka binne ta ba suna. Shi ko tsabar ƙarfin hali, zama ya yi gaban gawar da allon katako da wuƙa.

Soazig ta je ta same shi hannu duk baƙin tawada. Ya miƙa mata takardar da ya buga hoton gawar, ya buɗe baki kamar an kunna shi.

"Baiwar Allah, kada ki nemi fuska. Mu mun daina kwaikwayon ido, wannan aikin masu ɗaukar hoto ne. Kin ga igiyar ruwan? Gashin matan da ke jira ne. Tsuntsayen nan gicciye ne, watan kuma..."

"Malam, ni ba wata na zo gani ba."

Kai, aikin banza! Teku baƙa ƙirin, mutum fari fat a miƙe, fuskar kamar faranti. Wa zai gane mijinsa a nan? Ta bi jikin da ido har ta iso hannu. Yatsu biyu babu.

Ta matso da takardar kusa da idonta. Igiyar taru ta taɓa cinye wa Tangi yatsu biyu, ita ta ɗaure masa ciwon. Ta sake dubawa, ta ɗaga nata hannuwan ta gwada. Na mamacin na dama ne. Na Tangi kuwa hagu.

"Ba shi ba ne!" Dariya da kuka suka ƙwace mata tare. "Ba shi ba ne, Malam! Hannun nan, haka ka gan shi?"

"Hannu kam ban yi masa ƙari ba. Yadda na gani haka na yanka."

Daɗi ya rufe ta, har ta ce tana son hoton guda ta je ta manna wa Fada a hanci. Octave ya ji an yaba aikinsa. Ya ce ba za ta tafi da tsohuwa ba, sabuwa zai buga mata yanzun nan.

Ya ciro katakon, ya shafe shi da tawada, ya kifa takarda, ya murza bayanta da cokali. Da ya ɗago ta ya ajiye gefen katakon, Soazig ta ga watan da ke takardar ba ɓangare ɗaya yake da na katakon ba. Tsuntsayen ma sun juya, kamar rubutun hatimi.

Ashe bugu juya hoto yake yi, hagu ya koma dama. Ta sunkuya kan katakon da aka sassaƙa a gaban gawar, tana roƙon Allah da duk abin da ya rage mata.

A can, hannun hagu ne.