Ranar da Baffa Ya Canza Lambar Wayfai

Wai ana ta yaɗawa 'yar Baffana ta haura katanga ta bi mai gyaran kwamfuta. Ƙarya ce! Wadda ko kujera ba ta iya haurawa? Ina wajen aka yi komai.

Baffa ne ya canza lambar sirrin wayfai don ta daina hira da saurayinta. Sai kwamfutar Baffan ta ƙi shiga intanet, ga aikin ofis na jira. Ya ce a kira mai gyara, ita kuwa ta kira wanda ta sani.

Bawan Allah ya durƙusa a falo, gumi kamar an tsamo shi daga rijiya. Ya saci kallonta, ya ce, "Baba, tsohuwar lambar take ta gwadawa. Sai kun sa sabuwar."

Baffa ya kare madannan da hannu, ya harare ta. "Juya baya."

Ba ta juya ba. "Baba, ku riƙe lambarku. Shi nake so, ga shi kuma a gabanku."

Baffa ya ƙare wa mai gyaran kallo. Can ya ce, "Kai, ɗan gidan wa ne?"

Na raɗa mata, "Amaryar wayfai!"

Ta ce, "Ke da kike da lambar tun jiya, wa ya neme ki?"