Lemon da Ƙoshi Ya Kashe

Tunda ka ce abin da maƙwabcinka ya samu ne yake hana ka sakat, gyara zama in ba ka misalin wasu mata biyu, yaya da ƙanwa, uwa ɗaya uba ɗaya. Mahaifiyarsu ta je ganin ɗanta da ke aikin lambu a Jos, ta dawo da dashe biyu na wani lemo da ake kira kumkwat. Bishiyar ba ta cika wuce ƙugun mutum ba, a tukunya ake rainonta cikin ɗaki. 'Ya'yanta ƙanana ne kamar dabino, ana cinye su har ɓawo, ɓawon da zaƙi, cikin da tsami. Tsohuwa ta ba kowacce dashe ɗaya. Yayar ta ɗora tata a kan turmi a falo, kusa da tagar gabas, inda hantsi ke shigowa kuma akuya ba ta kaiwa. Ba ta ba ta ruwa sai ta tsoma yatsa ta ji ƙasar ta bushe, tana goge mata ganye da jiƙaƙƙen tsumma. Bishiya ta yi kore shar, har ta yi farin fure ta cika ɗakin da ƙamshi. Furen ya zube bai bar ɗa ba, amma abin bai dame ta ba, ta ce baɗi ma rana ce.

Ana nan sai aka yi suna a gidan ƙanwar. Yayar na shiga ta tarar mata sun yi cincirindo a bakin taga, ga bishiyar ƙanwarta rassa sun rankwafa da 'ya'ya jajaye. Tsohuwa ta tsinki ɗaya ta jefa a baki, ta dafa kafaɗar autarta ta ce, "Ke dai hannunki da albarka yake." Yayar ta yi dariya tare da mutane, amma ko shinkafar sunan ta kasa ci. A hanyar gida duk tsofaffin abubuwa suka taso mata: zanen sallar da aka bar wa ƙanwar ta fara zaɓa, tsokar da kullum ke faɗawa kwanon ƙanwar. Ta ce a ranta ai da ma, mai kyan aka ware wa 'yar lele, ita aka miƙo mata ragowa. Ta tambayi ƙanwar yadda ta yi kuwa, Allah ya kiyaye. Yarinyar da ta goya a bayanta ce za ta koya mata shuka?

Da ta dawo ta dubi bishiyarta, sai ta ga ba komai ba ce face tarin ganye. Ta ƙudura sai tata ta ninka waccan kafin tsohuwa ta sake zuwa. Ta sayo takin zamani ta dumbuza ta zuba a gindi, ta ƙara da ɗanyen kashin kaji. Ta koma ba ta ruwa safe da yamma, har ta cusa tsumma ta toshe hujin tukunyar don kada abincin ya tsiyaye a banza. Ganye ya fara yin rawaya, ta ce yunwa ce, ta ƙara taki. Bakin ganyen ya ƙone ya nannaɗe, ta ce ƙishirwa ce, ta ƙara ruwa. Duk wanda ya zo daga gidan ƙanwar sai ta yi masa wayo ta ji ko waccan ta sake fure, in an ce ta sake, ranar tukunya ta sha wani dumbujin. Ƙasar ta fara tsami, ƙananan ƙudaje suka yi gida a kanta, kullum da safe sai ta share ganye a ƙarƙashin turmi. Wata rana ta kama karan don ta miƙar da shi, sai ya biyo hannunta ba gardama. Saiwar ta yi baƙi, ta yi laushi kamar taliyar da ta wuce dahuwa.

Ba ta kai ga fitar da tukunyar ba suka yi sallama, tsohuwa a gaba, ƙanwar a baya da ɗan kwano cike da lemo ta kawo mata. Ƙanwar ta tsaya tana kallon busasshen karan, ta sunkuya ta shinshini ƙasar, ta ce, "Haba Yaya, ai da bishiyarki ta fi tawa lafiya. Ƙudan zuma ne ba ya shiga ɗaki, shi ya sa furen ya zube bai bar ɗa ba. Ni gashin kaza nake sawa in shafi wannan fure in shafi wancan, shi ke nan." Tsohuwa ta nemi wuri ta zauna. Yayar ta karɓi kwanon da hannu biyu ta yi godiya, ta rasa inda za ta sa idonta.

To ka ji. Bishiyar nan ba fari ya kashe ta ba, ba akuya ba, ba kuma wani maƙiyi ba. Mai ita ce ta daina kallonta, ta koma kallon ta wani. Shi ya sa Hausawa suka ce, garin neman ƙiba an samo rama.