Igiya Ɗaya Ta Tsinke

Maƙwabcina mai kiwon awaki ya faɗo gida da kekensa, gumi sharkaf, ya jefar da damin ciyawa. Ni dai tsakani da Allah shanya nake yi, kunnena ne ya jingina da katanga.

"Na tsinka igiya ɗaya, saura biyu," ya raɗa wa ƙaninsa. "Kada matata ta ji tukuna."

Af! Dama ban yarda da yawan zuwa yankan ciyawar nan ba. Saki ɗaya ke nan! Kafin la'asar na kai wa uwar matar labari, saboda zumunci.

Muka shiga gidansa tare, tana huci. Na samu wuri mai laushi na zauna kallo.

"Me 'yata ta yi maka da za ka sake ta?"

Ya yi sororo. "Saki kuma, Inna? Igiyar ƙasa fa! Maciji na taka da keke, kiran sunansa ne ba na so. Uku na gani inda na yi yanka."

Na taɓe baki. "In gaskiya ne, ina sauran biyun?"

"Iya, ina zargin suna cikin damin da kika zauna a kai."